Dokokin Ingila na shekarun 1960: doka ce ta canza mutane ko su suka canza ta?

Malam Sani: Jama'a ni fa har yanzu ina kan bakana, waɗannan dokokin da Ingila ta sassauta bayan yaƙin duniya na biyu ba talakawa suka nema ba, wasu 'yan majalisa ne 'yan boko suka zauna suka kakaba wa mutane. Ku duba hukuncin rataya, a 1965 aka dakatar da shi, ɗan majalisa ɗaya ne Sydney Silverman ya kawo ƙudurin, kuma a lokacin mafi yawan mutanen ƙasar suna son a ci gaba da ratayewa. Haka dokar zubar da ciki ta 1967, David Steel ne ya kawo ta, ba zaɓe aka yi a kanta ba. To ina ra'ayin jama'a a nan?

Barista Hauwa: Malam a kan rataya na yarda da kai rabi, gaskiya ne jama'a ba su so ba. Amma ka tsallake abin da ya girgiza su. A 1950 an rataye wani direba Timothy Evans bisa zargin ya kashe 'yarsa jaririya, sai a 1953 aka gano gawarwakin mata a ɓoye a gidan nan da yake haya, ashe maƙwabcinsa Christie na ƙasan bene shi ne makashin, kuma shi ne ma ya ba da shaida a kan Evans a kotu. Sai 1966 aka yi wa Evans afuwa yana kabari. Wallahi duk sanda na tuna wannan shari'ar sai jikina yayi sanyi, don wanda aka rataye ba ya dawowa ɗaukaka ƙara.

Malam Sani: Allah ya kyauta, wannan kam zalunci ne. Amma kuskuren alƙali ai gyara shari'a ake yi, ba a soke hukunci gaba ɗaya. To sakin aure fa? Dokar da ta sauƙaƙa saki ta fara aiki 1971, a 1972 saki ya haura dubu 119 a Ingila da Wales, alhali a 1961 wajen dubu 25 ne. Lissafi ai ba ya ƙarya.

Barista Hauwa: Malam ai lissafin ne ma yake goyon bayana, tun kafin dokar yake hawa, a 1970 ya riga ya wuce dubu 58. Da can sai ka tabbatar wa kotu da laifi, zina ko cin zarafi ko ya gudu ya bar ki shekara 3, shi yasa ma'auratan da suka gaji da juna sai mijin ya ɗauki wata mata haya su je otal a Brighton, da safe mai kawo shayi ta shigo ta gansu a gado, ita ce shaida a kotu, kowa ya san shiri ne har alƙalin. Sabuwar doka cewa tayi in kun rabu shekara 2 kun yarda, ko 5 ko ɗaya bai yarda ba, shikenan. Auren da ya daɗe da mutuwa ne aka yi wa jana'iza a 1972. Kuma mu ma nan dokar auren kotu ta 1970 zamanin Gowon, hujjar da ta ɗauka kenan, cewa auren ya lalace ba gyara.

Yaya Bala: Ku bari in sa baki. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa yayi karatu a Landan farkon shekarun 1960, yana ba mu labari ya ga tallar ɗaki ya buga waya aka ce ya zo, yana isa matar ta leƙo ta ga fuskarsa ta ce an riga an kama, ya tsaya da akwatinsa cikin sanyi ga takardar haya nan manne a taga ba a ma cire ba. Dokar 1968 ce ta hana wannan wariyar a gidan haya da wurin aiki. Malam Sani ita ma kakabawa ce, don da ƙuri'a aka jefa a unguwar ban jin za ta wuce.

Malam Sani: Allah ya jiƙan Baba. A'a Yaya wannan daban, hana zalunci ne.

Anti Rabi: To ai nan ne gizo ke saƙar Malam, wadda tayi maka daɗi ka ce hana zalunci, wadda ba tayi ba ka ce kakabawa. Ni ma akwai waɗanda zuciyata ba ta karɓa ba, ta zubar da ciki na ciki, amma kar a ce talaka bai motsa ba. Mata masu ɗinkin kujerun mota a kamfanin Ford na Dagenham yajin aiki suka yi a 1968 har aiki ya tsaya, minista Barbara Castle ta zauna da su, 1970 aka yi dokar daidaita albashin mace da namiji. Bakaken fata kuma sun ƙaurace wa motocin bas na garin Bristol kan wariya tun 1963.

Malam Sani: Anti na karɓi ta albashi da ta wariya, waɗannan daga ƙasa suka taso. Ta rataya dai ban janye ba, a Disamba 1969 suka mayar da sokewar ta dindindin ba tare da sun koma wajen jama'a ba. Barista ki amsa min wannan in kin fito daga kotu.