Yadda zan ƙididdige kalori a kwanon miyar kayan lambu

Assalamu alaikum. Lissafin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki) na miyar kayan lambu ya ƙi daidaita mini, ina neman taimako.

Ina auna komai ɗanye kafin ya shiga tukunya: karas giram 200 (kalori 82), kabeji 300 (75), albasa 100 (40), tumatir 400 (72), dankalin turawa 200 (154), sai mai cokali 2 manya (kusan 240). Jimilla 663 ke nan, da ruwa lita 1.

Bayan an sauke ne matsalar take. Wani lokaci miyar ta kai giram 1,700, wani lokaci 1,400 idan ruwa ya ƙone, wato kalori 39 ko 47 a kowane giram 100. Wannan na gane shi. Abin da ya gagare ni shi ne man: yana taso wa sama, kwanon farko ya kwashe rabinsa, na ƙarshe kuwa sai dankali a ƙasa. Na gwada juyawa kafin zubawa, cikin minti biyu ya sake rabuwa. Markaɗawa ta gyara, amma miyar ta koma kamar kunu.

Ta yaya zan san kalorin kowane kwano ba tare da na markaɗa miyar ba?