Wai me za mu ce wa "numismatics" da Hausa?

Jama'a ku taya ni. Ina rubutu ne kan kuɗin azurfa na Rumawa mai hoton shugabansu Julius Kaisar, wanda aka buga a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), gab da a kashe shi, to fannin masu nazarin irin waɗannan kuɗin, Turawa na ce masa numismatics, mu kuwa kowa da abin da yake faɗa.

Wani ɗan'uwa ya ce "ilimin kwabbai". Ban yarda ba gaskiya, kwabo jan ƙarfe ne kuma da ka ambace shi abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne kuɗin da bai kai ya kawo ba, ta yaya za ka ce wa zinaren Sarki Croesus na Lidiya (tsohuwar daula a Turkiyya ta yau) kwabo, mutumin da har yau ake buga misali da dukiyarsa? "Tsabar kuɗi" kuma yanzu har takarda ta shiga ciki, kwandala tamu ce ta zamanin naira.

Ni dai "nazarin sulalla" ya fi kwanta min. E, asalinsa sule ne na zamanin Turawa, amma bakin mutane ya riga ya faɗaɗa shi, duk kuɗin ƙarfe sulalla muke cewa.

Sai sunan ɓangarorin sule guda biyu, na ce fuska da baya. Wata baiwar Allah ta ce to wanda ba shi da hoto fa? Tambayarta na kan hanya wallahi, don Musulmin farko da dinarin Rum mai hoton Hirƙal suka yi ciniki, da dirhamin Farisa mai hoton Kisra da kambinsa, har sai da Halifa Abdul Malik bin Marwan ya fitar da dinari a shekara ta 77 bayan Hijira wanda babu surar kowa a jikinsa, rubutu ne zalla, kalmar tauhidi a tsakiya, aya ta zagaye bakinsa. Amma ai gida ma yana da fuska alhali ba shi da ido, don haka fuskar sule ta zauna ko da hoton sarki ko babu.

A rubutuna zan sa nazarin sulalla, mai yinsa manazarcin sulalla. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku ma sulalla kuke cewa ko da wata kalmar a wajenku? Ku faɗa min kafin in saki rubutun.