Kan keken da na gada wurin kakata

Jikar Hajiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kakata ta rasu ta bar min kan keken ɗinki, baƙi, Singer 201K. Wani dillali ya taya, amma ya ce sai an sake masa fenti. Ta yaya zan gane shekarunsa?

Tsohon Tela: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya jiƙan Hajiya. Don Allah kada a taɓa fentin nan. Zanen ruwan zinaren da ke jikinsa shi masu tara tsofaffin kekuna ke fara dubawa, ranar da aka shafe shi kuɗinsa ya faɗi. Duba gaba ta hannun dama, a gindin keken, akwai lamba da haruffa biyu a farkonta. Turo mana.

Jikar Hajiya: Baba, da EG ta fara. Tambarin kuma yana da shuɗin baki, an rubuta 1851 da 1951.

Mai Gyara: Kai, Hajiya ta bar miki abin kirki! K ɗin nan na nufin masana'antar Singer ta Clydebank a Sukotland, wadda aka rufe a 1980. Lambobinta na wancan zamani da E suke farawa, na Elizabethport a Amurka kuwa da A. EG ta faɗa tsakanin 1950 da 1951, shuɗin tambarin kuma na cikar kamfanin shekara 100 ne. Za ki ji nauyinsa, ƙarfe ne zalla, sai a tsakiyar shekarun 1950 aka koma yin 201K da alminiyam. Ki ɗiga masa man keke, ki juya a hankali. Kada ki sa man gyaɗa, daskarewa yake yi.

Uwar Biyu: Nawa fa kamar Singer sak, amma wani suna ne a jiki.

Mai Gyara: Yaya, in maɗaurin zaren, wato abin da ake murɗawa a daidaita ƙarfin zare, yana gefen hagu, kwaikwayon Singer 15 ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan sun yi irinsa ba adadi, haka ma Butterfly ɗin Shanghai da muka saba gani a ɗakin amare. Ɗinki lafiya lau, sai dai yawansu ya hana su tsada.

Tsohon Tela: 'Yata, kafin ki sake sauraron dillalin nan, ninka shadda huɗu ki ɗinka, ki ji yadda yake tafiya ba ƙara. Ki tuna ta dama ake zura masa zare a allura.

Jikar Hajiya: Na gode Baba. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo man.