Neman shawara: barin gidan haya kafin wa'adin shekara biyu ya cika

Ɗan Hotoro ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haya, musamman lauyoyi da malaman da ke wannan zaure. A farkon Janairun bana na kama gida mai ɗaki biyu da falo a unguwar Hotoro da ke Kano, muka yi yarjejeniya a rubuce ta shekara biyu a kan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu kowace shekara. Na biya ta farko gaba ɗaya, ta biyu kuwa aka ce sai Janairu mai zuwa. A watan Agusta aka sanar da ni a wurin aiki cewa za a mayar da ni Kaduna a ƙarshen shekara, kuma a ranar na kira dillalin da ya haɗa mu na faɗa masa, ya ce babu damuwa, zai sanar da Alhaji, wato mai gidan.

Yanzu muna tsakiyar Oktoba, sai ga dillalin ya dawo yana cewa Alhaji bai san da maganar ba, kuma tunda na sa hannu a kan shekara biyu, dole in biya kuɗin shekara ta biyu ko ina cikin gidan ko ba na ciki, in ba haka ba ba zan fitar da ko tsinke ba. Na ɗauko takardar na sake karantawa, na ga wani sharaɗi da ke cewa bayan cikar wata goma sha biyu na farko, kowane ɓangare yana iya kawo ƙarshen hayar idan ya ba ɗaya ɓangaren sanarwar wata uku a rubuce. Wani maƙwabcina kuma ya ce ai doka wata shida ta ce. Shin kiran da na yi a Agusta yana cikin lissafi? Wane wa'adi ne ya hau kaina, kuma nawa ake bi na a gaskiya?

Lauya a Zoo Road ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin sharaɗin da ka karanta shi ne mafitarka, amma sai ka bi shi kamar yadda aka rubuta shi.

Bari mu fara kawar da maganar wata shida. Dokokin karɓar gida daga hannun ɗan haya a ƙasar nan, kamar dokar Abuja da dokar haya ta Legas ta 2011, sun tsara wa'adin sanarwa gwargwadon irin hayar: mai biya mako-mako a ba shi mako guda, mai biya wata-wata a ba shi wata guda, mai biya duk wata uku a ba shi wata uku, mai hayar shekara-shekara kuma a ba shi wata shida. Sai dai wannan tsari yana aiki ne a inda ɓangarorin ba su rubuta nasu wa'adin ba, kuma asalinsa domin hayar da ke sabunta kanta ne ba tare da ranar ƙarewa ba. Taka hayar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, irin wadda ke mutuwa da kanta idan ranar ta zo, kuma kun rubuta wata uku da hannunku. Saboda haka wata uku ne, ba shida ba.

Kiran waya na Agusta kuwa, gaskiya ba zan ce ka dogara da shi ba. Takarda ta ce a rubuce, kuma ta ce a ba ɗaya ɓangaren, wato mai gida, alhali kai da baki ka faɗa, kuma dillali ka faɗa wa. Kotu tana tsaurarawa a kan sharaɗin fita, domin dama ce da aka ba mutum ya warware abin da a asali ba shi da ikon warwarewa shi kaɗai.

Inda za a iya yin jayayya ta gaske shi ne ma'anar "bayan cikar wata goma sha biyu". Ana iya fahimtarsa a kan cewa fitar ce ba za ta kasance ba sai bayan wata goma sha biyu, don haka ana iya ba da sanarwar tun kafin lokacin. Ana kuma iya fahimtarsa a kan cewa ita kanta sanarwar ba ta halatta ba sai shekarar ta cika. A fahimta ta farko, idan ka miƙa takarda kafin ƙarshen Oktoba kana sanya 31 ga Janairu a matsayin ranar fita, kuɗin wata guda ne a kanka, naira dubu ɗari. A ta biyu, sai ka jira Janairu ya kama, hayar ta ƙare wajen farkon Afrilu, kuɗin wata uku ke nan, kimanin dubu ɗari uku. Akwai ƙa'idar da ke cewa idan lafazi ya yi harshen damo ana fassara shi ne a kan wanda ya tsara takardar, kuma a bisa al'ada ɓangaren mai gida ne ke tsarawa, amma ban so ka jingina dukkan lamarinka da wannan ba. Ka ba da sanarwa a wannan makon, sannan ka sake ba da wata a farkon Janairu, ka rubuta a cikinta cewa ba ta janye ta farko ba. Ta kowace fuska aka duba, babu inda shekara guda cur ta hau kanka.

Batun hana ka fitar da kaya kuma barazana ce da ba ta da gurbi a doka. Mai gidan da yake ganin yana bin bashi kotu zai je, ba kwaɗo zai sa wa ƙofa ba. Tun a 1986, a shari'ar Gwamnan soja na Legas da Ojukwu a kan gidan Ikoyi, Kotun Ƙoli ta yi tir da ɗaukar doka a hannu, ko da kuwa gwamnati ce ta yi.

Almajiri daga Gwale ya amsa:

Barista ya yi bayani ta fuskar dokar ƙasa, ni kuma zan ƙara abin da muka karanta a gaban malamai, tunda mafi yawan masu gida da 'yan haya a garin nan Musulmi ne, kuma irin wannan rigima takan je gaban alƙalin kotun shari'a. A mazhabar Malikiyya haya ƙulli ne mai lizimtar ɓangarori biyu, kuma malamai sun bambance iri biyu. Akwai wadda suke kira wajiba, wato wadda aka yanke mata lokaci sananne, kamar a ce wannan shekara ko shekara biyu daga wata kaza, ita wannan babu mai fita daga cikinta shi kaɗai. Akwai kuma mushahara, wato a ce kowane wata kaza ba tare da iyakance ƙarshe ba, ita kuwa kowa yana iya bari, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu. Saboda ƙarfin wannan ƙulli ne ma Risala ta ce haya ba ta warwarewa da mutuwar mazaunin gida.

Taka wajiba ce, ɗan'uwa, kuma da babu wancan sharaɗi da canjin wurin aiki kaɗai bai isa ya sauke maka nauyi ba. Amma tunda Alhaji ya sa hannu a kan sharaɗin kamar yadda ka sa, umarnin cika alkawari da ke farkon Suratul Ma'ida ya hau kansa kamar yadda ya hau kanka. Sannan ƙofar iƙala a buɗe take, wato ku yarda ku biyu a warware cinikin, kuma shari'a ta kwaɗaitar da yin hakan ga wanda ya shiga matsi.

Dattijo mai gidan haya a Kabuga ya amsa:

Ni shekarata sama da ashirin ina ba da haya, kuma ina so yaron nan ya ji ta bakin irinmu. Ban yarda da abin da dillalin ya faɗa ba, amma ina roƙonka kada ka fara da takardar lauya. Mai gidan da ya ba da shekara biyu ya riga ya yi lissafi a kan kuɗin Janairu, wataƙila na makarantar yara ne, wataƙila na gyaran wani gidan ne, kuma abin da yake tsoro shi ne gida ya zauna a rufe wata da watanni, ga sabon fenti, ga jiran wanda zai shiga. Idan takarda ta riga ka isa wurinsa, zai ɗauka faɗa kake nema.

Ka je da ƙafarka, ka tafi da wani babba da yake jin nauyinsa, ko limamin masallacinku ko mai unguwa, ka nuna masa takardar canjin aikinka, sannan a nan gaban shaidu ka miƙa masa sanarwar ya sa hannu a kan kwafinka. In za ka iya, ka zo masa da wanda zai gaje ka a gidan, mutumin kirki mai iyali da aka san asalinsa, amma kada ka saka kowa da kanka ba da izininsa ba, domin yawancin takardun haya sun hana haka. Kuma ka sani akwai dillalin da fitarka riba ce gare shi, tunda sabuwar la'ada zai karɓa, akwai kuma wanda ya manta ne kawai bai isar da saƙo ba, yanzu yake neman rufe laifinsa da tsoratarwa. Ina kyautata zaton Alhajin bai ma san an yi maka maganar hana fitar da kaya ba.

Maman Yara daga Na'ibawa ta amsa:

Abin da ya same mu ke nan shekarun baya, sai dai mu mun biya shekara biyun gaba ɗaya tun farko. Maigidana ya tura saƙon WhatsApp, mai gidan ya karanta bai amsa ba, da muka tashi ya ce bai karɓi sanarwa ba. Abin da ya fi mana ciwo shi ne takardarmu ta ba da damar fita amma ba ta ce komai a kan mayar da ragowar kuɗi ba, muka yi ta sintiri kusan shekara kafin a ba mu rabi. Malam, ka gode wa Allah da ba ka biya ta biyun ba. Ranar fita ka ɗauki hoton kowane ɗaki da mitar wuta, ka biya kuɗin ruwa da na shara, kuma kada ka ba dillali makulli sai da rasit.

Ɗan Hotoro ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, zan bi shawararka, na riga na yi magana da limaminmu za mu je ranar Asabar bayan la'asar. Barista, me ya kamata in rubuta a takardar, kuma yaya zan yi idan Alhaji ya ƙi karɓa?

Lauya a Zoo Road ya amsa:

Ba ta buƙatar tsawo. Ka sa kwanan wata, da sunan mai gida kamar yadda yake a yarjejeniyar, da cikakken adireshin gidan, ka ambaci lambar sharaɗin da kake dogaro da shi, ka faɗi ranar da za ka miƙa makulli ƙarara, wadda ba ta gaza wata uku cikakku daga ranar da takardar ta isa hannunsa ba, sannan ka sa hannu. Ka duba ko yarjejeniyar ta faɗi adireshin da ake kai sanarwa, ko ta shardanta cewa sai babu bashi a kanka, domin idan ta faɗa dole a cika. Idan ya ƙi karɓa, shaidun da ka je da su su rubuta ranar da abin da ya faru su sa hannu, washegari kuma ka aika ta hannun kamfanin kai saƙo ka adana rasit ɗin. Idan kuwa kun daidaita a zaman, ko a kan wata guda ko a kan uku, a rubuta adadin da ranar fita a bayan yarjejeniyar tun kafin a tashi, ku biyu da shaidu ku sa hannu.