Yarona ya tsaya cak a aljebra, in mayar da shi baya ne?

Salam jama'a, dan Allah malaman lissafi ku ban shawara. Yarona shekararsa 10, daga firamare 5 aka tsallakar da shi JSS1 wai yana da ƙoƙari, to yanzu an fara musu aljebra abu ya gagara. In ka rubuta masa 2x + 3 = 11 sai ya zuba maka ido, amma da baki in ka ce wace lamba za a ninka biyu a ƙara 3 ta ba da 11, nan take zai ce 4. Rabi da kwata kuwa har yau 2/6 yake rubutawa. Mai lesin ya ce a bar shi zai kama a hanya, mamansa ta dage a mayar da shi firamare 6, ga kuɗin makaranta an riga an biya. Ya zan yi?