Fatar gada ta ƙandare mini, ko za ta jemu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni sabon shiga ne a dukanci, ina Unguwar Rogo a Jos. Kawuna maharbi ya ba ni fatar gada, na shanya ta a rana kwana 4 ba gishiri. Yanzu ta ƙandare kamar ƙwarya, wajen wuya kuma in na ja gashin sai ya biyo hannuna, ga ɗan wari. Gafaka nake son ɗinka wa mahaifina da ita, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Ta lalace ke nan?

Wani dattijo majemi: Wa'alaikumussalam ɗana. Rana ce ta cuce ka. A inuwa ake shanya fata, bayan an kankare nama da kitse an zuba gishiri. Amma tunda gafaka ce, ba ruwanka da gashi. Jiƙa ta a ruwan sanyi kwana 1 ko 2, kana sauya ruwan, har ta saki. Sai ruwan toka, kana juyawa kullum. Da sanyin Jos kada ka ƙirga kwana, ka duba da yatsa. In gashi ya fara zamewa ko'ina, ɗora ta a kan gungume ka tuje da wuƙa marar kaifi. Wanke tokar tas. Mu kashin tantabara muke sawa bayan nan don ta yi laushi, amma in ya daɗe cinye fata yake.

Sannan bagaruwa. Daka ta, jiƙa a ruwan ɗumi, bari ya huce, don ruwan zafi dafa fata yake. Ka riƙa cuɗawa kana ƙara sabuwa. Yanki ɗan gefe ka duba: muddin akwai farin layi a tsakiya, ba ta jemu ba. Daga nan man gyaɗa kaɗan, ka yi ta murzawa kafin ta gama bushewa.

Wata 'yar uwa: Kada ka jiƙa bagaruwa a bokitin ƙarfe, baƙi fatar za ta yi. Roba ko tukunyar ƙasa.

Wani baduku: Malam, gada fatarta siririya ce, wuyan nan ma mai wari wataƙila ka yanke shi. Sayi fatar akuya wurin mahauta ka koya da ita tukuna. Kuma Naraguta na kusa da kai, je ka nuna wa dukawan can.

Mai tambaya: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na jiƙa ta tun da asuba, gobe zan nemo ta akuyar.