Murya ta ƙi zama daidai kan kiɗa, na ja na ja har na gaji

SabonHannu:
Salam jama'a, don Allah masu amfani da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ku taimaka min. Na ɗauki murya sau biyu, babbar murya da ta rakiya da ake ɗorawa a kanta, to wajen jera su ne nake shan wahala, in na ja guntun muryar sai ya yi tsalle ya wuce inda nake so, in na dawo da shi kuma ya koma baya da yawa, tsakiyar nan dai babu. Duk inda akwai "t" ko "k" sai ka ji shi sau biyu kamar mai in'ina. Sannan kiɗan MP3 ne aka turo min, an ce tempo, wato saurin kiɗan, bugu 100 ne a minti, na sa 100, da farko yana hawa layukan bugu na manhajar amma kafin amshi na biyu ya zame. Jiya har biyun dare ina abu ɗaya wallahi.

MaiGanga:
Wslm ɗan uwa. Tsallen nan maganaɗisun manhajar ne, wato snap, shi ke manna maka guntun a jikin layi. Danne maɓallin Alt kana ja zai sake shi, in a manhajar Reaper ne Shift. Kuma ka yi zum sosai har ka ga inda igiyar sautin ta fara kumbura, nan za ka haɗa da na ɗayar, ba bakin guntun ba, bakin guntun yawanci shiru ne da numfashi.

TsohonInjiniya:
Ƙanena matsala biyu ce kake haɗawa. Ta tsalle an gama da ita. Zamewar kiɗa kuwa ko ka kwana kana ja ba za ta gyaru ba, don tempon da aka faɗa maka ba shi ba ne. A ce 100.5 ne kai ka sa 100, duk minti ɗaya rabin bugu ke kuɓuce maka, waƙar minti 3 ka ga bugu ɗaya da rabi kenan, kusan sakan guda. Ka aza bugun ganga na farko daidai kan layi, ka tafi can ƙarshen waƙar ka riƙa taɓa tempo kaɗan kaɗan har na can ma ya hau. Kuma MP3 da ɗan shiru yake zuwa a farkonsa, kunne ba ya kama shi amma ya isa ya ture komai, ni shi ya sa ba na karɓa, WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, nake cewa a turo ko mutum zai ji haushi.

Amshi:
Oga gaskiya ne, amma ni ban yarda da a jera rakiya ɗari bisa ɗari ba, ɗan bambancin nan shi ke sa murya kauri. Farkon kalma kawai nake daidaitawa, "s" da "t" na ƙarshe kuma in yanke su daga rakiyar in bar wa babbar murya. Duk inda ka yanka ka sa ɗan fed, wato ƙarar ta shiga ko ta fita a hankali, in ba haka ba za ka ji ƙas ƙas a hedifon.

SabonHannu:
Allah ya saka da alheri, ashe 101 ne! Yanzu ya hau har ƙarshe. Saura numfashin rakiyar, shi ma in yanke ko in rage masa ƙara kawai?